Aikin Injiniya a Manyan Kamfanonin Sadarwa na Najeriya: Tambayoyi da Amsoshi Kan Intabiyu da Zaman Wurin Aiki

Tambayoyin nan su ne suka fi maimaituwa a bakin matasan da suka karanta injiniyancin lantarki, kwamfuta ko sadarwa, suka gama bautar ƙasa, idonsu na kan MTN, Airtel, Glo da makamantansu. An fara da na sama-sama kafin a shiga masu zurfi. Kowane kamfani da tsarinsa, kuma tsarin yana canjawa, saboda haka duk inda sanarwar neman ma'aikata ta saɓa da abin da ke nan, ita za ka bi.

Idan aka ce "aiki a kamfanin sadarwa", wa ke ɗaukar mutum a zahiri?

A nan yawancin masu nema suke fara ɓata lissafi. Sunan da ke jikin layin wayarka daban, wanda ke biyan injiniyan da ya hau turken eriya daban. A 2001, lokacin da hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, NCC, ta yi gwanjon lasisin GSM a kan dala miliyan 285 kowane ɗaya, kamfanin da ya samu lasisi shi ke mallakar turakunsa da janaretocinsa. Haka MTN ya fara, haka Econet, wanda bayan sauye-sauyen suna ya zama Airtel a 2010. Glo ya shigo a 2003, Etisalat a 2008. Daga wajen 2014 lamarin ya juya: MTN da Etisalat suka sayar wa kamfanin turaku na IHS dubban turaku, Airtel ya sayar wa kamfanin American Tower nasa, suka koma suna biyan haya a kan turakun da suka gina.

Yanzu aikin hawa-hawa ne. A sama akwai masu layi, su ke tsara sabis, su sayi mitar iska, su amsa wa NCC. Sai masu turaku, waɗanda wuta, dizal, batir da gadi ke wuyansu. Sai masu ƙera na'urori irin su Huawei, Ericsson, Nokia da ZTE, waɗanda sau da yawa ake ba su kwangilar kula da sabis ɗin yau da kullum. A ƙasa kuma akwai ƙananan 'yan kwangila masu ja da haɗa wayar faiba, masu ɗora eriya, masu yawo da mota suna auna ƙarfin sabis. Guraben sabon injiniya sun fi yawa a matakan ƙasa. Wanda ya kafe sai hedikwatar MTN da ke Falomo a Legas ko babu, zai iya shafe shekaru yana jira, alhali abokin karatunsa da ya fara da ɗan kwangila a Kano ya riga ya iya aikin da za a tambaya a intabiyu.

Wane irin aiki injiniya yake yi a ciki?

Akwai ɓangaren rediyo, masu lura da abin da ke tsakanin wayarka da eriya: ina sabis ya yi rauni, me ya sa kira ke yankewa, wace eriya za a karkata. Akwai masu jigilar bayanai daga turke zuwa cibiya, ta wayar faiba ko ta farantan maikurowef da ke kallon juna daga nesa. Akwai masu cibiyar kanta, inda ake tantance layi, a haɗa kira, a lissafa data. Akwai masu wuta. Sannan akwai ɗakin sa ido da ake kira NOC, inda ake zaune gaban manyan allo dare da rana ana kallon ƙararrawar na'urori. Da yawa daga nan suke farawa, kuma makaranta ce mai kyau, don a wata shida za ka ga irin matsalolin da na fili zai ɗauki shekaru kafin ya haɗu da su.

Ka zaɓi ɓangare ɗaya ko biyu ka san su sosai kafin ka nema. Mai cewa "ko'ina aka sa ni zan iya" yana nuna bai san bambancinsu ba ne.

Waɗanne takardu ake nema? Mai HND yana da rabo?

Digiri ko HND a fannin da ya dace, da takardar kammala NYSC ko ta sahalewa. Shirye-shiryen ɗaukar sababbin masu digiri na manyan kamfanoni sukan sa sharaɗin shekaru da na sakamako, kuma kwamfuta ce ke fara tacewa kafin idon mutum ya ga takardarka, don haka roƙo ba ya aiki a wannan matakin. Mai HND ya fi samun ƙofa a buɗe wajen masu turaku, masu na'urori da 'yan kwangila, inda hannu ya fi takarda daraja. Bayan shekara uku zuwa biyar na aiki, abin da ka taɓa yi ya fi abin da ka karanta nauyi a kusan ko'ina.

Rajistar COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista, ba a cika tambayar sabon shiga ita ba, tunda ita kanta sai da shekarun ƙwarewa ake samunta. Amma ka sa ta a lissafi, ka kuma riƙa rubuta ayyukan da ka yi tun daga ranar farko, don ranar neman rajista za ka buƙace su.

Satifiket irin su CCNA dole ne?

Ba dole ba ne, amma yana taimaka wa takardarka ta tsallake tacewar farko, musamman a ɓangaren jigilar bayanai da cibiya. CCNA na Cisco da HCIA na Huawei su ne aka fi sani. Daga zuwan 4G kusan komai ya koma tafiya a kan IP, wato tsarin intanet, har da murya, don haka injiniyan rediyo ma ba shi da mafaka. Ƙara da ɗan Linux da ɗan Python ko aƙalla Excel mai kyau, domin rabin aikin ofis tace alƙaluma ne. Cibiyar Digital Bridge Institute, wadda NCC ta kafa, tana da reshe a Kano, kuma jami'o'i irin su ABU Zariya suna da haɗin gwiwar horarwa da Huawei.

Gargaɗi ɗaya: satifiket ɗin da aka samu da haddar tsofaffin tambayoyi yana jawo wa mai shi tambayoyi masu zafi. Da zarar ka rubuta CCNA, wani a cikin masu intabiyu zai ce ka faɗi na'ura nawa za su samu adireshi a rukunin adireshin IP na /24. Amsa 254 ce, a /30 kuma biyu. Idan ka tsaya kame-kame a nan, sauran abin da ka rubuta ma ya shiga zargi.

Gaskiya ne sai da hanya ake shiga?

Sanayya tana aiki, babu amfanin musu. Amma irin wadda ta fi aiki a wannan fanni ita ce ta wanda ya ga aikinka: ogan da ka yi SIWES, wato koyon aiki na ɗalibai, a ƙarƙashinsa, injiniyan da kuka kwana tare kuna haɗa faiba a gefen titi. Shi zai gaya maka an buɗe gurbi, ya ce da manaja "wannan yaron na san hannunsa". Wasiƙar wani babba tana iya kai ka gaban kwamiti, ba za ta amsa maka tambaya ba, kuma manajan da za a tasa tsakar dare idan ka yi ɓarna ba ya son a ɗora masa wanda bai iya ba.

Duk wanda ya ce ka turo kuɗin fom, kuɗin gwajin lafiya ko kuɗin "ajiye gurbi", ɗan damfara ne. Manyan kamfanoni suna sanar da guraben aiki a shafukansu da LinkedIn, kuma saƙonsu yana zuwa daga adireshin imel na kamfani, ba Gmail ba.

Matakai nawa ake bi kafin a ba da takardar kama aiki?

A manyan kamfanoni yawanci ana fara da jarrabawar intanet mai ƙayyadadden lokaci: lissafi, fahimtar rubutu, da tambayoyin zane-zane na gwada tunani. Nan ake zubar da mafi yawan mutane, kuma ba don ba su da ilimi ba, don ba su saba da gudun agogo ba ne. Ka yi atisaye da agogo a gabanka. Ranar jarrabawa ka cika batirin kwamfuta, ka tanadi layi biyu na kamfanoni daban-daban. Abin dariya ne mutum ya faɗi jarrabawar kamfanin sadarwa saboda sabis ya ɗauke, amma yana faruwa, kuma ba kullum ake sake ba da dama ba.

Daga nan sai hira da ma'aikatan sashen ɗaukar aiki, sai intabiyu na fasaha da injiniyoyi, wani lokaci a haɗa ku rukuni a ba ku matsala a ga yadda kuke magana da juna, sai ganawa da shugaban sashe, gwajin lafiya da binciken takardu. Wajen ƙananan 'yan kwangila duk wannan yana iya zama zama ɗaya, a miƙo maka na'ura a ce nuna.

Waɗanne tambayoyin fasaha ake yi?

Iri biyu ne. Na farko na tushe, waɗanda ake son amsa a taƙaice. Me ya sa mitar iska ta 800MHz ko 900MHz ta fi ta 2600MHz nisa da ratsa bango, amma ta sama ta fi ɗaukar data? Me ke faruwa idan mai waya yana cikin mota ya fita daga inuwar wannan eriya ya shiga ta gaba? Me ya sa hanyar maikurowef ke rauni idan ana ruwan sama mai ƙarfi? Yaya na'urar OTDR take gane cewa faiba ta tsinke a kilomita kaza? Amsar wannan: tana harba haske cikin wayar, ta auna lokacin da ya ɗauka kafin ya dawo. Me ya sa na'urorin turke suke aiki da wutar DC ta bolt 48, kuma mene ne aikin rektifaya tsakanin janareta da batir? Tun da MTN da kamfanin Mafab suka ci gwanjon mitar 3.5GHz a Disamban 2021, MTN ya ƙaddamar da 5G a 2022, Airtel a 2023, ana kuma yawan tambayar bambancin 5G da 4G. Kada ka tsaya a "ta fi sauri".

Iri na biyu shi ne ainihin inda ake yanke hukunci. Za a ce maka: ƙarfe biyu na dare, turaku goma sha biyu sun ɗauke lokaci ɗaya a hanyar Kano zuwa Katsina, kai ne a bakin aiki, me za ka yi? Mai gaggawa zai ce zai tura mota. Wanda ya fahimci aikin zai ce turaku goma sha biyu ba sa lalacewa tare sai idan abu ɗaya ya haɗa su, don haka zai buɗe taswirar hanyoyi ya ga ko duk ta turke ɗaya suke bi. Zai duba ƙararrawar da ta shigo kafin ɗaukewar: idan an ga wuta ta tafi, batir ya yi ta sauka har ya ƙare, to matsalar dizal ce ko janareta a babban turken, sai a kira masu turaku. Idan kuwa komai lafiya sannan haske ya ɓace farat ɗaya, faiba ce aka tsinke, wataƙila masu aikin titi ko masu haƙa, sai a nemi masu faiba da OTDR. Zai tambaya ko akwai wanda ke wani canji a daren. Zai buɗe tikiti, wato rubutaccen rahoton matsalar, ya sanar da na sama da shi, ya duba ko akwai hanyar da za a karkatar da sabis kafin a gama gyara.

Ba a damu ka faɗi sunan kowace ƙararrawa daidai ba. Ana son a ga ka bi matsala daki-daki, daga abin da ya fi yiwuwa zuwa wanda bai cika faruwa ba, kana faɗin dalilinka a fili. Ka yi tunaninka da baki, kada ka yi shiru minti biyu sannan ka jefo amsa.

Idan aka yi mini tambayar da ban sani ba fa?

Ka ce ba ka taɓa aiki da abin ba, sannan ka faɗi abin da ka sani kusa da shi da yadda za ka nemo sauran. Wasu masu intabiyu da gangan suke matsa ka har inda iliminka ya ƙare, don su ga me kake yi a bakin iyakar. Dalilinsu na aiki ne: injiniyan da ke ƙirƙiro amsa a ɗakin intabiyu shi ne zai ce "na duba, lafiya lau" a waya alhali bai duba ba. Duba amsar da ke magana kan kuskure a ƙasa, abu ɗaya ne ake aunawa.

An tarbiyyantar da mu da kunya da kawaici. Yaya zan yi maganar kaina ba tare da na zama mai cika baki ba?

Wannan tana kayar da 'yan Arewa masu ilimi fiye da kowace tambayar fasaha. A gida, yaron kirki ba ya kallon babba cikin ido, ba ya cewa "ni na yi", idan an yabe shi sai ya sunkuyar da kai. A gaban kwamiti a Legas, wanda wataƙila babu Bahaushe ko ɗaya a cikinsa, ana iya karanta wannan a matsayin rashin tabbas ko ɓoye wani abu. Ba sai ka zubar da tarbiyyarka ba. Ka gaisa da ladabi, ka zauna idan an ce ka zauna, ka kalli mai magana, ka ɗaga murya yadda na ƙarshen tebur zai ji. Durƙuso da "ranka ya daɗe" ka bar su a ƙofa.

Hanyar kauce wa cika baki ita ce ba da labarin aiki maimakon siffanta kai. Kada ka ce kai mai ƙwazo ne. Ka ce lokacin SIWES an yi ta samun ɗaukewar wani turke duk yamma, ka lura yana faruwa ne idan aka sauya zuwa janareta, ka gaya wa oganka, aka duba aka samu batiran sun mutu. Halin da ake ciki, abin da kai ka yi, da abin da ya biyo baya. Idan aikin na rukuni ne ka ce "mun yi", amma ka ware naka kason, don za a tambaya. Ka tanadi irin waɗannan labarai uku ko huɗu na gaskiya: ɗaya na warware matsala, ɗaya na saɓani da abokin aiki, ɗaya na abin da bai yi kyau ba.

Game da Turanci, ba karin harshe ake saurare ba. Kamfanonin nan cike suke da Yarbawa, Igbo, 'yan Indiya da 'yan Sin, kowa da irin nasa. Gajerun jimloli masu ma'ana sun isa. Hausarka kuma kadara ce, ka rubuta ta a takardarka: wanda zai iya zama da mai unguwa ko mai filin da aka kafa turke a sasanta rikicin ƙarar janareta, yana da amfanin da satifiket ba ya bayarwa.

Idan aka tambaye ni albashi nawa nake so?

A shirin sababbin masu digiri albashin a yanke yake, babu ciniki. A sauran guraben, ka binciki abin da ake biya a wannan mataki daga mutum biyu ko uku da ke cikin aikin, ka faɗi tsakanin kaza da kaza. "Duk abin da kuka ba ni" ba tawali'u ba ne a kunnensu, rashin shiri ne. Ka tambaya adadin na shekara ne ko na wata, kafin cire haraji ne ko bayansa. Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci yana zuba aƙalla kashi 8 cikin ɗari, mai ɗaukar aiki kashi 10, saboda haka abin da zai shigo asusunka bai kai abin da ke takarda ba. Ka tambayi inshorar lafiya da ko ta haɗa da iyali, alawus na aikin dare da na tafiya, da wanda ke biyan kuɗin mai idan aikin fili ne.

Mene ne bambancin ma'aikacin dindindin da na kwantiragi?

Kuna iya zama a ɗaki ɗaya, kuna aiki ɗaya, amma katin wuyanku ya bambanta. Na kwantiragi wani kamfanin samar da ma'aikata ne ya ɗauke shi, shi ke biyansa, kuma galibi albashi, garaɓasar ƙarshen shekara, horo da ƙarin girma ba ɗaya ba ne. Idan babbar kwangila ta ƙare ko aka ba wani kamfani, aikinsa na iya ƙarewa da ita. Wannan tsari ya daɗe yana jawo ƙorafi, kuma ƙungiyar manyan ma'aikatan sadarwa masu zaman kansu, PTECSSAN, ta sha ɗaga murya a kai.

Shawarata ga sabon shiga: ka karɓa, amma da ido buɗe. Karanta takardar ka ga sunan wa ke sama, wata nawa ne, kwana nawa ne sanarwar sallama, kuma ana zuba fansho ko ba a zubawa. Ka ɗauke shi wurin koyon aiki na shekara biyu ko uku. Alƙawarin baki na "za a mai da kai dindindin" kada ka gina gida a kansa.

Yaya zaman ofis yake? An ce ana kiran oga da sunansa.

A yawancin manyan kamfanonin haka ne, ƙaramin ma'aikaci yana kiran manaja da sunansa na yanka, kuma bakin Bahaushe yakan yi nauyi a makonnin farko. Ka saurari yadda wasu ke yi ka bi. A fili da wajen 'yan kwangila "oga" da "injiniya" suna nan daram. Kada sakin fuskar ya ruɗe ka, matakan iko suna nan, kuma tsallake oganka ka kai magana sama ba tare da saninsa ba laifi ne a ko'ina.

Abin da ya fi bambanta da aikin gwamnati shi ne komai a rubuce yake, komai kuma da awo. Maganar da ba ta shiga imel ko tikiti ba kamar ba a yi ta ba. Ana auna sashenku da alƙaluma: kashi nawa na lokaci sabis ya tsaya da ƙafarsa, minti nawa kuke ɗauka kafin gyara, kira nawa ya yanke. Kashi 99.9 yana kama da cikakke, amma ma'anarsa kusan minti 43 ne kawai aka yarda sabis ya ɗauke a wata guda. Wannan ne ya sa ake ta kiran waya idan turke ya faɗi, ba don an tsane ka ba. Sanar da na sama cewa matsala ta fi ƙarfinka ba kai ƙara ba ne kuma ba gazawa ba ce, ƙa'ida ce mai lokaci. Wanda ya rungume matsala awa uku don kada a ce bai iya ba, shi ake tuhuma.

Aikin dare fa? Zan samu yin salla, Juma'a da azumi?

Sabis ba ya barci. Masu ɗakin sa ido suna karɓa-karɓa, masu fili suna da makon da wayarsu ba ta mutuwa. Manyan canje-canje, kamar sabunta manhaja ko sauya na'ura, tsakar dare ake yinsu zuwa kafin asuba, lokacin da masu kira suka ragu. Ranakun Sallah da Kirsimeti, da kowa ke kiran 'yan uwa, su ne ranakun da aka fi sa ido, har akan dakatar da duk wani canji a lokacin. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, don haka ka gaya wa iyalinka gaskiyar aikin tun kafin ka karɓa.

Salla ba ta cika zama matsala ba. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne a bar allo babu kowa. Ka ce da na kusa da kai ya riƙe maka minti goma, kai ma ka riƙe masa. Musulmi da Kirista sun saba musaya: ka ɗauki Lahadi da Kirsimeti, a ɗaukar maka Juma'a da Sallah, amma a tsara da wuri, a sanar da oga. Da azumi, masu hawa turke su nemi a sa aikin sama da sassafe. Jiri a saman ƙarfe mai tsawon mita arba'in da zafin Afrilu ba abin gwaji ba ne.

Idan na yi kuskuren da ya jefar da sabis, korata za a yi?

Kusan duk tsohon injiniya yana da daren da ya danna abin da bai kamata ba. Abin da ke raba wanda aka yi wa faɗa da wanda aka sallama abu biyu ne: ko yana da izinin yin aikin, da ko ya faɗi gaskiya nan take. Kowane canji yana da takardar izini, da matakan da za a bi, da hanyar komawa baya idan abu ya ɓaci. Idan kana cikin wannan ka yi kuskure, za a zauna a rubuta musabbabi, a gyara tsarin. Idan kuwa ka shiga na'ura da rana tsaka ba izini don "ɗan ƙaramin gyara ne", ko ka yi shiru kana kallo ana neman dalili, to ka sani na'urorin suna rubuta sunan duk wanda ya shiga da abin da ya rubuta da daƙiƙar da ya yi. Saboda haka ma ba a ara wa kowa kalmar sirri, ko da aminin ka ne.

Haka batun bayanan masu layi. Wani ɗan uwa zai roƙe ka ka duba masa wa matarsa ke kira, ko ina wayar da aka sace take. Ko kana da ikon gani, yin hakan ba bisa ƙa'ida ba yana kai mutum ga kora har da kotu. Irin wannan buƙata ta hannun jami'an tsaro take bi.

Aikin fili a Arewa yana da hatsari?

Yana da shi, kuma gara a faɗa. A 2012 'yan Boko Haram sun ƙona turakun sadarwa a jihohi da dama na Arewa. A 2013 an rufe sabis a Borno, Yobe da Adamawa lokacin dokar ta-ɓaci, a Satumban 2021 kuma aka rufe a Zamfara, daga baya wasu sassan Katsina, Sakkwato da Kaduna. Satar batir, dizal da wayoyi ruwan dare ce a duk faɗin ƙasar, abin da ya sa a 2024 gwamnatin tarayya ta sa kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ke karewa. A intabiyu kana da damar tambayar wane yanki za ka riƙe, wa ke yanke hukuncin ko hanya tana biyuwa, kuma ko ana tilasta tafiyar dare. Kamfanin kirki yana da amsa a shirye.

Hatsarin da ya fi kusa da kai kullum kuwa shi ne hawa da wuta da hanya. Kada ka hau turke ba horo, ba ɗamarar tsaro, ba hular kwano, ko idan hadari ya haɗo. Ɗan kwangilar da ya ce ka hau haka nan "kowa ma haka yake yi", ka ƙi.

Mace injiniya tana da wuri a wannan aiki?

Tana da shi, kuma manyan kamfanonin suna neman mata a ɓangaren fasaha da gaske, don sun yi ƙaranci. An fi samunsu a tsare-tsaren rediyo, cibiya, ɗakin sa ido, tsaron bayanai da jagorancin ayyuka, akwai kuma masu fita fili. Hijabi ba ya hana aiki, sai dai a wurin injina da hawa ana buƙatar wanda ba ya jan ƙasa, wanda hular kwano za ta zauna a kansa. Ki tambayi tsarin aikin dare tun a intabiyu: akwai motar da ke mai da ma'aikata gida, akwai ɗakin hutawa, yaya hutun haihuwa yake, musamman idan ta hannun kamfanin kwantiragi za ki shiga. Abin da aka faɗa a sama kan kunya ya fi shafarki, domin a ɗakin taro mai cike da maza, idan kika yi ƙasa da murya wani zai maimaita ra'ayinki a yaba masa.

Dole sai na koma Legas?

Hedikwatocin MTN, Airtel da Glo duk a Legas suke, kuma can ne manyan guraben tsare-tsare da cibiya suka taru. Akwai ofisoshin yanki a Abuja, Kano da wasu manyan birane, inda aikin ya fi karkata ga kula da sabis da fili. Kana iya yin shekaru masu albarka a Arewa, kusa da iyaye, da hayar gida mai sauƙi. Amma wanda ke son hawa sama a ɓangaren tsare-tsare yawanci sai ya yi wasu shekaru a Legas. Idan an tambaye ka ko za ka iya aiki ko'ina, kada ka ce e don a ɗauke ka sannan ka fara neman canji bayan wata biyu. Ka yi shawara da gida kafin ranar.

A ƙarshen intabiyu sukan ce ko ina da tambaya. Me zan tambaya, kuma yaushe zan ji sakamako?

Tambaya biyu sun isa, kuma su zama na aiki: na'urorin wane kamfani sashen ke amfani da su, me ake sa ran sabon shiga ya iya yi shi kaɗai bayan wata uku, yaya tsarin karɓa-karɓa yake. Ka tambayi lokacin da za a ji daga gare su. Manyan kamfanoni sukan ɗauki makonni, wani lokaci watanni idan ana jiran amincewar kasafin kuɗi. Idan lokacin da suka faɗa ya wuce da mako guda, tura imel ɗaya gajere na tuni. Kada ka ajiye aikin da ke hannunka, ko ka daina neman wasu, sai takardar kama aiki mai sa hannu ta iso kuma ka karanta ta har shafin ƙarshe.